Giya Ta Uku

Asabar da hantsi muka nufi Gadon Ƙaya,
ni da Sagiru bakanike, mai farce baƙi ƙirin.
Tun daga Kabuga yake ja mini kunne:
"Kar ka yi murmushi, kar ka ce ta yi.
Wanda ya nuna so, shi ke saye da tsada.
Ni zan ƙushe ta, kai ka kama bakinka."

Tana ƙarƙashin darbejiya, lulluɓe da tampol,
ruwan toka, tsohuwar yayi,
an tokare tayarta da dutse.
Malam Tasi'u ya fito yana dafa bango,
tabarau mai kauri, makulli a igiyar fata.

Sagiru ya ɗaga bonet, ya zaro sandar mai,
ya murza a yatsu, ya sansana,
ya bi ƙofofi da ƙwanƙwasa yana neman faci,
ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi,
ya fito yana girgiza kai irin na sana'a:
"Baba, fentin nan biyu ne.
Salansa ta huje. Tayoyin baya sun yi sanƙo."

Dattijo ya ce, "Uku ne fentin, yaro.
Wannan ƙofar mai adaidaita ya goge ta a Tal'udu.
Kuma ka tsallake babban:
in ta yi awa a cunkoson Kwari
lagireto kan tafasa kamar butar mai shayi.
Giya ta uku kuwa sai da lallashi.
Ba na sayar da abu in ɓoye ciwonsa."

Sagiru ya dube ni, na dubi takalmina.
Wuƙar da muka wasa tun a hanya
mai kaya ya karɓa, ya miƙo mana ta ƙota.

Na ce a zaga da ita.
Ya laluba ya zauna a gefena,
kujerar da bai taɓa zama ba
shekara goma sha huɗu.
Ya lumshe ido, ya karkata kai.
"Sa giya. Ba ka ji tana roƙo ba?
Gaban gidan mai akwai rami, kauce dama."
Na kauce. Ramin na nan inda ya barshi.
"Likita ya ce hanya ta fi ƙarfin idona.
Na yi musu wata biyar,
sai ranar da na ji ihun ɗan makaranta
ban ga inuwarsa ba.
Allah ya tsare. Da na dawo na rataye makulli."

Muka koma gindin bishiya, aka kawo benci.
"Nawa, Malam?"
"Miliyan biyar."
"Uku da rabi."
"Albarka."
Sagiru ya taka ƙafata.
"Huɗu."
"Albarka. Motsa dai."
Kaza ta ratsa tsakaninmu da 'ya'yanta,
inji yana ƙyas-ƙyas yana hucewa,
ba wanda ya tanka.
Na ce huɗu da ɗari uku, iyakar gumina ke nan.

Ya daɗe yana shafa makullin da ɗan yatsa.
"Cire dubu tamanin na lagireto,
na aika Ƙofar Ruwa an tambayo.
Allah ya sa alheri. Na sallama."

Takardu a leda, na kwastan a sama,
kowane rasit na baƙin mai da kwanan watansa.

Da na ja ta, na hango shi a madubi,
bai ɗaga hannu ba, bai koma gida ba,
ya juyo mana kunne kawai.
Sagiru ya ce, "Wallahi ban san wa ya ci wani ba."
Ban amsa ba.
Mun kusa kwana, giya ta uku ta cije,
na san yana ji,
sai na sassauta hannu, na lallashe ta.